Jagora: Yadda Ake Haɗa Tsibirin Tsirrai a Kan Ruwa Don Gyara Tafkin da Ya Gurɓata

Tambayoyi a kan tsibiran tsirrai da ake ɗorawa bisa tafki don tace ruwa sun ƙi ƙarewa: da me ake yin su, wace ciyawa ake dasawa, guda nawa za su isa, yaushe ruwan zai washe. Ga amsar a jere, tun daga ranar da za ka fara zagaya bakin tafkin har zuwa yankan farko da abin da ke biyo bayansa.

Kafin a ɗauki zarto, a san inda aikin yake. Tsibirin katifa ce mai iyo da aka dasa wa tsirran fadama, saiwoyinsu suka ratsa ta suka sauka cikin ruwa ba tare da sun taɓa ƙasa ba. A jikin saiwoyin wani yauƙi ke taruwa, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Waɗanda ke waje, inda oksijin ke kaiwa, suna juya amoniya, sinadarin naitirojin da ke fitowa daga ƙazanta, ta zama naitiret. Waɗanda ke can ciki, inda iska ta yi ƙaranci, su kuma su mayar da naitiret iskar naitirojin, ta tashi ta bar ruwan. Saiwoyin na rage wa ruwa gudu, laka ta maƙale ta kwanta, inuwar katifar kuma ta hana gansakuka samun rana. Saboda haka dabarar duka ita ce a tilasta wa ruwa mai datti bi ta cikin saiwa, ya jima a ciki, sannan a kwashe abin da tsiron ya sha a fitar da shi daga tafkin.

1. Bi sawun dattin

Ka zagaya tafkin da ƙafa sau biyu: ranar da ba a yi ruwa ba, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Ka zana tafkin a takarda, ka sa alama duk inda wani abu ke shigowa: kwata, kwalbati, bututun masai, rafi, gangaren gona, juji, bayan masana'anta. Kwatar da ke zuba ko da sama ba ta yi ɗigo ba ita ce babbar matsalarka, domin ruwan gidaje ne ko na masana'anta, kuma ba ta hutu.

Launi da wari ma suna faɗin gaskiya. Ruwan da ya yi kore shar ya ƙoshi da naitirojin da fosforas, sinadaran da ke ciyar da gansakuka, daga takin gona, kashin dabbobi ko na mutane. Wanda ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, oksijin ɗinsa ya ƙare. Wanda ke yin ja bayan ruwan sama, zaizayar ƙasa ce ke ciyar da shi laka.

Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya yi kafin ya kashe ko kwabo. Kilo ɗaya na busasshiyar ciyawar fadama na ɗauke da fosforas kimanin giram 2. A ce kowane murabba'in mita na tsibirinka ya ba ka kilo 2 na busasshiyar ciyawa a shekara, ka fitar da giram 4 ke nan. Mutum ɗaya kuwa yana fitar da kusan rabin kilo na fosforas a shekara ta fitsari da bayan gida. Wato idan da yankan ciyawar kaɗai za a dogara, sai ka tanadi fiye da murabba'in mita 100 kafin ka share abin da mutum guda ke zubawa. Laka da ke kwanciya ƙarƙashin saiwa na ƙara taimakawa, amma ba za ta cike wannan giɓin ba.

Hattara: ɗora tsibiri a gaban bututun masai da ba a rufe ba, shara ce ana tsakiyar guguwa. A fara toshe bututun, ko a karkatar da shi zuwa inda ake tace ƙazanta, a sa raga ta tare shara a bakin kwata, a haƙa ɗan ramin da laka za ta kwanta kafin ruwa ya shiga tafki. Tsibiri ragowar datti yake gyarawa.

2. Auna ruwan tun ba ka taɓa komai ba

Wanda bai auna a farko ba, bayan shekara ba shi da abin nunawa sai hoto. Kayan da ake bukata ba su da yawa: na'urar auna oksijin a ruwa, takarda ko na'urar pH (ma'aunin tsamin ruwa), kwalabe masu tsabta, akwatin ƙanƙara, igiya mai alamar santimita don zurfi, da faifan Secchi. Wannan na ƙarshe da hannunka za ka yi shi: faifai mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu a shafa fenti baƙi da fari bi da bi, a ɗaura masa nauyi a ƙasa. Ka saukar da shi a hankali har ya ɓace wa ido, ka rubuta zurfin. Wannan shi ne ma'aunin hasken ruwanka.

Ka tsayar da wurare uku da ba za su canja ba: mashiga, tsakiya, da mafita. Oksijin da asuba ake auna shi, kafin rana ta fito. Da rana gansakuka na cika ruwa da oksijin har na'ura ta nuna maka komai lafiya, da dare kuwa ita da sauran halittu su shanye shi, shi ya sa da safe ake tarar da kifi ya mutu. Miligiram 5 a lita ko sama da haka ya yi wa yawancin kifi. Ƙasa da 2, suna cikin haɗari. A pH ana son tsakanin 6.5 da 8.5.

Sauran sai ɗakin gwaje-gwaje: amoniya, naitiret, jimillar fosforas, da ƙwayar E. coli mai nuna kashi ya shiga ruwa. Idan fosforas ya haura miligiram 0.035 a lita, tafkin ya shiga sahun waɗanda abincin gansakuka ya yi musu yawa. In akwai majema, wurin rini, haƙar ma'adinai ko masana'anta a sama, a ƙara da gwajin dalma, kuromiyam da kadmiyam. A sa kwalabe cikin ƙanƙara, a kai su ranar da aka ɗiba. In da hali a maimaita awon na wata biyu ko uku, don awo ɗaya na iya faɗawa ranar da ba ta wakiltar komai.

Hattara: gansakuka mai launin shuɗi-kore da ke kwanciya a saman ruwa tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe gubar. Irinta ce ta hana mutanen birnin Wuxi na ƙasar Sin shan ruwan famfo a 2007, lokacin da ta rufe Tafkin Taihu. A sa safar hannu da dogon takalmin roba. Inda ake fama da tsargiya, kada a bar fata ta taɓa ruwan.

3. Nemi izini

Tafki yana da mai shi, ko hukuma ko al'umma, kuma yawanci akwai dokar sa wani abu a cikinsa. Ka je wurin hukumar ruwa ko ta muhalli da zanenka da sakamakon awo. Ka zauna da masunta da masu jiragen ruwa su nuna maka hanyarsu, don tsibirin da ya tare wa mutum hanyar neman abinci ba ya daɗewa igiyarsa ba ta tsinke ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: takardar izini kan ci watanni, a fara nemanta tun ana awo.

4. Zaɓi wuri, sannan girma

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma dalilin shi ne kowa na son tsibirinsa a tsakiyar tafki inda za a gan shi. Tsakiya kuwa ita ce inda datti ya riga ya tsarwatse, iska ta fi ƙarfi, igiyar ruwa ta fi duka. Wurin da ya dace shi ne gaban mashiga, inda dattin ke da kauri tukuna, amma a ɗan ja baya daga bakin kwata yadda ambaliya ba za ta bugi firam, wato ƙashin da ke ɗauke da katifar, kai tsaye ba.

A jera tsibiran su gitta hanyar ruwa daga gefe zuwa gefe. Ruwa hanya mai sauƙi yake bi. In ka bar masa fili a gefe, zai kewaye saiwar ya wuce da dattinsa. Layi biyu ko uku a bayan juna, da sararin ruwa a tsakani, sun fi dunƙule guda babba, saboda a sararin nan ruwa ke sake shan iska kafin ya shiga layi na gaba. Idan mashigar ta yi faɗi, ana iya rataye labulen roba daga gefen layin zuwa gaɓa don a kora ruwan cikin saiwa.

Zurfi kada ya gaza santimita 80 zuwa mita ɗaya, kuma a lokacin da ruwa ya fi janyewa ake auna wannan, ba lokacin da tafki ya cika ba. In ya gaza haka saiwa za ta kama ƙasa, ranar da ruwa ya ƙaru kuma ta riƙe tsibirin ya nutse, ko ta tsinke. Zurfin da ya wuce kima ma ba alheri ba ne: saiwar da ta sauka rabin mita ko mita guda a ruwa mai zurfin mita biyar, yawancin ruwan ta ƙarƙashinta zai wuce. Tsakanin mita ɗaya da biyu ya fi ba da sakamako. A tabbata wurin na samun rana aƙalla awa shida.

Batun girma: a ƙaramin tafki ko kududdufi, rufe kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na saman ruwa ya isa a ga canji. A babban tafki ba wanda ke da kuɗin rufe ko kashi ɗaya, don haka kada ka auna kanka da tafkin duka. Ka ɗauki lungun da kwatar ke zuba a ciki, ka lissafa kasonka a kansa.

Hattara: kada a rufe fiye da rabin ruwa. Ƙarƙashin katifa babu rana, iska kuma ba ta taɓa ruwan, ga ƙwayoyin da ke cin amoniya na shan oksijin kimanin giram 4.6 a kan kowane giram na naitirojin da suka juya. In an cika rufewa, tsibirin da aka sa don magani ne zai kashe kifi. Inda ruwa ya riga ya yi baƙi, a haɗa da na'urar hura iska, ko mai aiki da hasken rana. Tsibirin da aka buɗe a tashar ruwan Baltimore ta Amurka a 2024 ma da irin wannan na'ura aka gina shi don ruwa ya riƙa motsi.

5. Kasafta kuɗin

Farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma inda kuɗin ke tafiya ɗaya ne. A farko, firam da abin da ke ɗaga shi su ne ke cin kaso mafi tsoka, sai anga (nauyin da ke riƙe tsibiri wuri ɗaya) da igiya, sai raga. Tsirrai su ne mafi sauƙi in za ka raba su da kanka daga tushen da ke akwai. Wanda ake mantawa shi ne na kullum: ladan mai kula, kwale-kwale, gwajin ruwa, sauya igiya, ɗaukar ciyawar da aka yanka.

Hanyar yin firam uku ce. Gora ta fi araha, amma a cikin ruwa shekara ɗaya zuwa biyu take yi ta ruɓe. Ta dace da gwaji. Bututun roba na PVC ko HDPE na tsakiya ne, kuma shi na fi ba wa mai farawa shawara. Katifun da kamfanoni ke sarrafawa sun fi tsada sun fi ƙarko, irin waɗanda aka yi da tsofaffin robobin ruwa aka kafa babban tsibiri da su a Tafkin Rotorua na Niyu Zilan a 2012. Ko wacce ka zaɓa, ka ware kuɗin kulawa na shekara uku kafin ka ƙidaya firam nawa za ka gina. In kuɗinka na goma ne, gina shida. Kuma ka fara da biyu ko uku su yi zagayen yanayi guda, ka ga abin da iska da tsuntsaye za su yi musu.

6. Haɗa firam

Girman da ya fi daɗin aiki shi ne mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi. Mutum biyu za su ɗaga shi, hannu kuma na kaiwa tsakiyarsa daga kwale-kwale. Ga kayan firam ɗaya: bututu mai faɗin milimita 110, mita 6, gwiwar bututu huɗu, gam ɗin bututu, ragar roba mai ƙarfi da idonta ya kai santimita 2 zuwa 3, zaren ɓawon kwakwa ko tabarmarsa, maɗaurin roba baƙi mai jure rana, da igiya. Kayan aiki: zarto, tef ɗin awo, takardar goge baki, almakashi.

Ka san nauyin da zai ɗauka tun kafin ka yanka. Duk lita ɗaya ta ruwa da abu ya ture na ɗaga kilo ɗaya. Mita ɗaya ta wannan bututu na ture kusan lita 9 da rabi. In ka cire nauyin bututun kansa, saura kilo 7 da ɗoriya. Mita 6 ke nan kimanin kilo 45, amma wannan sai ya nutse gaba ɗaya. Kada kayan da ke kai su wuce kilo 25 zuwa 30, kuma ka lissafa da jiƙaƙƙen zaren kwakwa da tsiron da ya girma, ba ɗan dashen ranar farko ba. Daga baya, in saiwa ta yi kauri, tsirran kan taimaka da ɗaga kansu saboda iskar da ke cikin jikinsu.

Ga jerin aikin. Yanka bututu biyu na mita 2, biyu na mita 1. Goge bakinsu, ka haɗa su a bushe ka ga sun zauna daidai a ƙasa mai lebur. Sannan ka shafa gam ka cusa, ka ɗan murɗa, ka bar shi ya kwana. Kafin ka ɗaura komai, jefa firam ɗin a ruwa, ka danna kowace kusurwa ƙasa ka duba ko kumfa na fitowa, ka bar shi kwana ɗaya, ka ɗaga ka girgiza. In ka ji motsin ruwa a ciki, akwai yoyo. Yanzu gyaransa minti goma ne, bayan an dasa kuwa sai an tuge komai. Wasu kan cusa rufaffun robobin ruwa cikin bututun kafin su liƙe, yadda ko ya tsage ba zai nutse ba. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta cin komai.

Sai raga. Shimfiɗa ta a ƙasan firam, ka ɗaure duk bayan santimita 15 zuwa 20, ka gitta igiya biyu ko uku a ƙarƙashinta don kada ta yi ciki. Zuba zaren kwakwa kauri santimita 8 zuwa 10, ka rufe da wata ragar a sama don iska da tsuntsu kada su kwashe. Ana so in firam ya hau ruwa, ƙasan zaren ya jiƙe, samansa ya tsaya a waje.

Hattara: araha ba ta ado. Farin soson kwali da ake naɗe kayan lantarki da shi yana iyo, amma rana da igiyar ruwa na marmasa shi, kifi da tsuntsaye su haɗiye. Tsofaffin tayoyi na sakin sinadarin zinki. Katakon da aka jiƙa da maganin gara na iya ɗauke da arsenik. Duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko mai a ciki, ko an wanke, a bar shi. Ƙasar gona ma kada a zuba a kan katifa: nauyi ce, kuma taki ce.

7. Zaɓi tsirrai

Sharuɗɗan huɗu ne: ya zama ɗan yankin, ya jure tsayuwar saiwa a ruwa kullum, saiwarsa ta zama mai yawa mai gashi, kuma ya sake tohowa in an yanka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba abin da ya riga ya fito da kansa a gefen tafkin, don ya nuna yana iya wannan ruwan.

A ƙasashe masu zafi jema na kan gaba. Saiwarta na sauka da yawa tana yin cunkus, tana jure datti, kuma nau'in Chrysopogon zizanioides da ake nomawa ba ya yin iri mai tsira, don haka ba ya bazuwa. Dangin Cyperus da furen Canna ma suna yi. A ƙasashe masu sanyi an fi amfani da Juncus, Carex, Schoenoplectus da Iris. Kacalla da dogon karan ruwa na Phragmites suna shan datti sosai, sai dai suna da mamaya: iska na ɗaukar irinsu, in suka sami gaɓa mai laka sai su cinye ta. Ni dai ba na sa su sai inda suka riga suka kasance kuma akwai mai yanka su kafin su yi fure. Bado ba na tsibiri ba ne, ƙasa yake so.

A haɗa nau'i uku ko huɗu, yadda in cuta ko yanayi ya kayar da ɗaya saura za su riƙe. Dogaye a tsakiya, gajeru a gefe. Tsiro mai tsawon mita biyu a bakin ƙaramin firam na kama iska ya kifar da shi.

Hattara: kainuwa dashen Allah ce, to a bar ta a haka, kada ka dasa ta. Ita da 'yar'uwarta mai furen shuɗi da masana ke kira Eichhornia suna shan datti da sauri, shi ya sa suke ruɗar mutane. Amma ta biyun na iya ninka kanta cikin mako biyu, kuma a shekarun 1990 ta toshe tashoshin jiragen ruwa a Tafkin Victoria har masunta suka kasa fita. A ƙasashe da dama doka ta hana ɗaukarta daga wuri zuwa wuri.

8. Dasa, ka yi reno a gaɓa

Raba tushen zuwa ƙananan dashe, kowane da saiwarsa. Wanke ƙasar tas a cikin bokiti, nesa da tafki. Rage ganyen ya koma santimita 20, don dashen da bai kama ba ba ya iya ciyar da dogon ganye. Buɗa rami a zaren kwakwa, ka zura saiwar har ta leƙo ta ƙasan raga, ka matse zaren a wuyanta. Tazara santimita 20 zuwa 30, wato dashe 11 zuwa 25 a murabba'in mita.

Wuyan tsiro, inda saiwa ta haɗu da kara, shi ne abin lura. Ya zauna daidai saman ruwa ko ɗan sama kaɗan. In ya nutse zai ruɓe, in ya yi sama da yawa saiwa ba za ta kai ruwa ba ya bushe. Daga nan a ɗaure firam a gaɓa inda babu iska, mako uku zuwa shida. Ka ɗaga gefe ka duba: in ka ga sababbin saiwoyi farare sun kai tsawon tafin hannu, ya isa tafiya. Farkon lokacin ɗumi ne ya fi dacewa da dashe. In ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 10, tsiro da ƙwayoyin saiwa duk aikinsu na ja baya.

Hattara: ko ganye ya yi rawaya a makon farko, kada ka zuba taki. Abin da kake son cirewa ke nan daga ruwan.

9. Ja shi wurinsa ka ɗaure

A zaɓi safiya marar iska, mutum biyu aƙalla, kowa da rigar hana nutsewa. A haɗa firam da firam da gajeriyar igiya mai ɗan sassauci, a sa guntun tiyo a tsakani don kada su goge juna. Haɗin da ya ƙage ba ya lanƙwasa, igiyar ruwa ta farko za ta karya shi.

Anga biyu ne mafi ƙaranci ga kowane layi, ɗaya ta inda iska ta fi tasowa, ɗaya a ɗaya ɓangaren. Da anga guda tsibirin zai yi ta juyi har igiya ta murɗe. Bulon kankare mai zoben ƙarfe ya isa, a sa masa sarƙa mita ɗaya ko biyu kafin igiya, don ita ke shanye fizgar. Tsawon igiya ya kai ninki biyu na zurfin ruwa a ranar da tafki ya fi cika. Inda gaɓa ke kusa, ɗaurewa a turaku a ɓangarorin biyu ya fi sauƙin dubawa. Igiyar da rana ke ci takan yi gari a hannu cikin shekara. A nemi wadda aka yi don aikin ruwa.

Kada kowa ya taka tsibirin. A sa allo mai ɗauke da wannan gargaɗi, domin yara na ganin kore za su ɗauka ƙasa ce.

10. Wata ukun farko

Ziyara sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi. Agwagwa da dinya na tuge sabon dashe, don haka a kewaye da raga mai tsawon rabin mita, a gitta zare a sama, a cire in tsirrai sun yi ƙarfi. A cike gurbin waɗanda suka mutu, a tuge baƙin ciyawa da 'ya'yan itatuwa tun suna ƙanana, a kwashe ledar da ta maƙale. In kusurwa ɗaya ta karkata, ko yoyo ne ko nauyi ya taru a gefe. A duba tsutsar sauro a ruwan da ya kwanta tsakanin firam. In akwai, a buɗa tazarar yadda ƙananan kifi za su shiga.

Ka riƙa ɗaga gefe kana shinshina saiwa. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa, da santsi a jiki, tana warin laka. Wannan santsin kada a wanke shi, shi ne ma'aikacin. Baƙa mai laushi da warin ƙwai na nufin oksijin ya ƙare: a rage cunkoso ko a kunna na'urar iska.

11. Yanka ka kwashe

Naitirojin na iya tashi sama ya tafi, fosforas ba ya tashi. In ganye ya bushe ya faɗa ruwa, duk abin da ya sha ya koma inda ya fito. Don haka a yi yanka tun ganye na kore, gab da fure, kafin tsiro ya janye abincinsa zuwa saiwa. A wuri mai zafi sau biyu zuwa uku a shekara, a wuri mai sanyi sau ɗaya a ƙarshen lokacin ɗumi. Shekarar farko a yi sassauci, tushe na kafuwa.

Da lauje ko almakashin lambu, a bar santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa. Karan tsirran nan ne ke kai iska ga saiwa. In an yanke shi ƙarƙashin ruwa, ruwa ya shiga, tushen na iya mutuwa. Kada a aske tsibiran duka rana ɗaya, a yi rabi a bar rabi zuwa wasu makonni, a kuma tsallake inda tsuntsu ya yi sheƙa. A shimfiɗa tamfol a kwale-kwale, a auna nauyin abin da aka yanka a rubuta, a kai shi nesa da gaɓa inda ruwan sama ba zai maido da shi ba.

Lakar da ke taruwa ƙarƙashin tsibiran ma na ɗauke da fosforas mai yawa. A riƙa auna kaurinta da sanda sau ɗaya a shekara. In ta fara cin zurfin da saiwa ke bukata, a ja tsibiran gefe a yashe.

Hattara: in gwajin mataki na 2 ya nuna dalma, kuromiyam ko kadmiyam, ciyawar ba ta dabbobi ba ce, ba ta takin lambu ba ce, kuma ba a ƙona ta a fili. A tambayi hukumar muhalli inda za a kai ta. Kayan miya kuwa ba a nomansu a kan gurɓataccen ruwa ko da gwaji bai nuna ƙarfe ba, saboda ƙwayoyin cuta.

12. Karanta sakamako kafin ka ƙara

A ci gaba da awo wata-wata, a wuraren nan uku, a lokaci guda na rana, a ƙara da wuri ɗaya gab da layin tsibiran da ɗaya a bayansu. Bambancin waɗannan biyun shi ne aikin tsibirin na gaskiya. A kwatanta wata da takwaransa na bara, ba da watan da ya gabata ba, don yanayi kaɗai na iya washe ruwa ko ya dagula shi.

Hasken ruwa da wari ne ke fara canjawa, sai amoniya. Fosforas ne na ƙarshe, domin tsohuwar lakar gindin tafki na ci gaba da sakinsa shekara goma ko fiye bayan an toshe kwata. Ruwan da ya washe kuma bai zama na sha ko na wanka ba sai gwajin E. coli ya ce haka. In shekara ta zagayo alƙaluman gaba da bayan layin ba su bambanta ba, kada ka ƙara firam tukuna. Ka saki abu mai iyo a mashiga ka bi shi da ido: in ya kewaye tsibiran, wurin ne bai yi ba, a matsar da su ko a sa labule. In ta cikinsu ya bi, to dattin ya fi ƙarfinsu, sai a koma zanen mataki na 1 a nemo kwatar da aka tsallake.